Wasan Taubasai a Gidana

Ɗana na fari da in'ina ya tashi. A lokacin ba mai tsanani ba ce. In zai ce "Inna" sai kalmar ta maƙale masa, ya runtse ido, ya buga ƙafar dama a ƙasa, sannan ta fito. Amma fa wajen surutu ba a bar shi a baya ba. Yakan dawo daga makaranta ya tsuguna gefen keken ɗinkina yana tsince ƙyallaye, yana ba ni labarin wanda aka zane da wanda ya zura ƙwallo, ni kuwa ina ta taka keke kamar ba da ni yake ba. Haka uwa take yi da ɗan fari a wajenmu. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa gaban mutane, ba ta tare masa faɗa. Sai dai kunne ba ruwansa da kunya, duk abin da yaron nan ya faɗa ina ji, wani lokaci ma sai na cije leɓe don kada dariya ta tona ni.

A Bodinga muke zaune. Ni ɗinki nake a cikin gida, mai gidana kuma albasa yake saye ya sayar, yau yana kasuwarmu gobe yana Shagari, ya dawo da yamma a gajiye. Yaron yana cikin shekara ta goma sha uku yayana na Dandin Mahe ya kawo mini 'yarsa, ya ce ta zauna wajena ta yi sakandare. Ta girmi ɗana da kaɗan. Doguwa ce mai zafin nama, ba a nuna mata aiki sau biyu, tafin hannunta duk ya yi kanta saboda dashen albasa a fadamar ubanta. Na yi murna da zuwanta, don 'ya'yana duk maza ne, na samu mai taya ni hira a madafa.

Ranar da ta iso, ko mayafi ba ta cire ba ta dubi yaron ta ce, "Kai bawana, tashi ka ɗauko mani akwati." Gidan ya ɗauki dariya, har da shi. Taubasai ne ai, ita 'yar namiji shi ɗan mace, kuma kowa ya san tsakanin taubasai babu fushi. A tsokane ka, a ɓoye maka takalmi, a kira ka bawa, in ka ɓata rai kai ne abin dariya. Ni ma na yi da nawa. Akwai wani tsohon taubashina a Shagari da har gobe in ya gan ni sai ya tambaye ni ko na koyi tuƙa tuwo, ni kuma in tambaye shi haƙoransa nawa suka rage. Abu ne mai daɗi da ke riƙe zumunci, ba zan kushe shi ba.

Yarinyar Allah ya ba ta kwaikwayo. Ta iya tafiyar maƙwabciyarmu, ta iya kiran mai tallan kifi har mutum ya leƙa waje da kwano. Ba a daɗe ba ta ɗauke in'inar yaron tsaf, da runtse idon da buga ƙafar, ba ta bar komai ba. Da magariba in an zauna cin tuwo sai ta miƙe tsakar gida ta yi, ƙannensa su yi ta birgima, ubansu ya yi dariya har ya ƙware.

To shi wasan taubasai ramuwa ne. An jefe ka, ka jefa, a tashi ba wanda ya ci wani. Yarona ya gwada ramawa. Yakan buɗe baki da abin da ya shirya mata, ina ganin abin a idonsa, sai kalmar farko ta tokare, kafin ta fito yarinyar ta riga ta ƙarasa masa ita da irin muryarsa. A sake fashewa da dariya. Da me zai rama? Abin ramuwar ne ake yi masa dariya a kai. Wannan ne abin da babu wanda ya lura da shi a gidan, kuma da na faɗa babu wanda ya ɗauke shi da nauyi.

Na fara da yarinyar, muna wanke-wanke. Na ce ta rage, abin yana yi masa ciwo. Ta zaro ido ta ce, "Gwaggo, wasa na fa. Ba taubashina na ba?" Na koma wajen mai gidana. Yana cire takalmi ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Yanzu ke ɗan hwari kika tare ma hwaɗa? Ina kunyar taki? Namiji na, bar shi shi koyi ramuwa. In ɗiya mace ta hi ƙarhinai cikin gida, mi za shi yi kasuwa?" Na koma kan keke, raina yana suya.

Daga nan labaran da yake ba ni suka fara gajarta, har suka ƙare. Ya daina zama kusa da ni. In na aike shi sayen zare sai ya wuce shagunan unguwarmu ya tafi can bakin titi, inda ake baje kaya mutum ya nuna da yatsa. Malaminsu na Islamiyya ya aiko cewa ya ƙi ba da hadda, shi da ko kaɗan harshensa ba ya sarƙewa in yana karatun Alƙur'ani. Kullum da safe cikinsa na ciwo, ranar da babu makaranta kuwa lafiyarsa ƙalau. Tuwonsa yana kwana a kwano. Wata rana ƙanensa ya buga ƙafa a ƙasa, wataƙila ma tururuwa ce ta cije shi, sai ga yaron nan ya kai masa naushi ya fasa masa leɓe, shi da ko kaza ba ya kora da ƙarfi. Ubansa ya zane shi ya ce taurin kai ne na balaga. Ko a bulalar bai ce uffan ba.

Na san ruwa ba ya tsami banza, amma na ɗauka duk abin a cikin gidana yake. Sai ranar da wata mata ta zo awon kayan biki da 'yarta. Ina tsugune ina auna tsawon siket, 'yar tana zaune bakin ƙofa tana danna waya tana ƙyalƙyala dariya. Sai na ji muryar ɗana ta fito daga wayar. Sallama yake ƙoƙarin yi, harafin farko ya riƙe shi, yana ta maimaitawa, wani ɗan iska kuma ya ɗora kiɗa a kai yadda maimaicin ya zauna daidai da ganga. Na gane wurin ma, don ana jin kukan akuyarmu. Na gama awon, na rubuta, na raka su ƙofa, na ce su gaida gida. Da na dawo na zauna a kan turmi.

A bakin ƙannensa na ji sauran. Makarantarsa ɗaya da yarinyar, ta jeka ka dawo. Abin ya zagaye wayoyi tun tuni. In ya shiga aji ba wanda yake ce masa komai, sai dai yaran su fara buga ƙafa a ƙasa gaba ɗaya har ya kai wurin zamansa. In malami ya tambaye shi, kafin ya miƙe an fara. A hanya ma haka, yaran da bai taɓa sani ba su runtse ido su buga ƙafa su wuce.

Na kira ta ɗaki na rufe ƙofa, da niyyar in ci mata mutunci yadda ba za ta manta ba. Ban kai ga rabin abin da na shirya ba ta durƙushe tana kuka kamar ranta zai fita. Ashe ita ma tana cikin nata. Tun makon da ta shiga, 'yan matan ajinsu suka sa mata suna 'yar albasa. In ta shigo sai su ja hijabi su toshe hanci. Bencin da ta zauna kowa ya tashi. Sun ɗauki hoton dugaduganta masu faso suna turawa juna. "Gwaggo," ta ce, "ranad da niy yi masu kwaikwayonai ita ta rana ta hwarko da sunka bar ni niz zamna cikinsu. Sunka ce in ɗauko masu muryatai, sunka ba ni waya." Sai a lokacin na gane dalilin da sabulu ba ya kwana biyu a gidana tun zuwanta, da wankan da take yi safe da rana da yamma, da yadda take dirje hannunta da dutse har ya yi ja. Na zauna ina kallonta. Ina jin haushinta kamar in shaƙe ta, ina jin tausayinta, kuma a ƙarƙashin duka biyun gajiya ce kawai. Wa zan kama? Na ce ta tashi ta wanke fuska.

Ta daina kwaikwayon daga ranar, a gida da makaranta. Da ta daina, ƙawayen nata suka koma toshe hanci, su kuma masu buga ƙafa ba su ma san ta daina ba.

Ba a jima ba aka kawo mini ita daga makaranta ranga-ranga. Ta faɗi a filin taro tana ihu, numfashinta yana sama-sama, hannuwanta sun ƙandare. Kafin la'asar gidana ya cika. Yayana ya taho daga Dandin Mahe a kan babur ko hula bai sa ba, uwarta ta biyo da wata gwaggonmu tsohuwa, maƙwabta mata suka zagaye ta, wannan na fifita wannan na tofi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, aka ce, kuma na ga haka ranar. Aka kira mai ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu. Kowa ya yarda iska ce ta taɓa ta, wai ta bi ta ƙarƙashin tsamiyar bayan makaranta da tsakar rana. Na ce a tambaye ta wa ke zama kusa da ita a aji. Uwarta ta ce mini ba lokacin wannan maganar ba ne.

Duk wannan hidima da ake, yarona yana zaune bayan randa ya haɗa kai da gwiwa. Mutane suna tsallake ƙafarsa su ɗebi ruwa su kai mata. Na dube shi na dubi taron, sai na ji kunyar ɗan fari ta fita daga kaina.

Na ce, "Yaya, ga wani marar lahiya can."

Ya waiga ya ce, "Wa? Wanga? Mi as same shi? Ga shi zamne lahiya lau."

Na kwashe komai na faɗa, da kwaikwayon da wayar da buga ƙafar, da abin da ake yi wa 'yarsa. Na ce ciwo ɗaya ne ke cin yaran nan biyu, ita ta faɗi an gani, shi yana zaune ne kawai. Gwaggonmu ta riƙe haɓa ta ce yau ta ga abin da ya ishe ta, uwa tana ƙarar ɗan fari gaban jama'a. Yayana ya ɓata rai. "Haba ke kau," ya ce. "Taubasai na hwa. In taubashi bai taɓa ka ba, wa ka taɓa ka? Ɗiyata na kwance, ke kina son ɓata zumunta bisa wasan yara?" Sai ya yafito yaron. "Zo nan. Hwaɗa ma kawunka da bakinka, an yi ma wani abu?"

Da bakinsa. Gaban mata cike da tsakar gida.

Yaron ya taso ya tsaya. Na ga ya ja numfashi, ya runtse ido, ƙafar dama ta ɗaga. Sai ya tuna, ya riƙe ta a sama, ya sauke ta a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba. Ya buɗe ido ya girgiza kai.

"To kin gani," in ji yayana. "Shi da kainai yac ce ba komi."

Suka tafi da 'yarsu washegari. Daga baya aka sa ta wata makaranta a Shagari, ta gama, ana cewa aljanin ya fita. Ni dai in ta zo gaishe ni ina ganinta a zaure, takan tsaya ta shinshina hannun rigarta kafin ta shigo. Ba ta kwaikwayon kowa yanzu, ko mai kifi. Yayana kuwa ya daɗe bai taka gidana ba, sai da rasuwa ta haɗa mu.

Shi yaron daga ranar nan bai ƙara zuwa makaranta ba. Duka bai sa ya je ba, lallashi bai sa ba. Na sa mayafi na je da kaina, na samu wani malami mai kirki ya saurare ni, ya tara yaran ya zane manyansu. Abin da hakan ya jawo shi ne suka fara biyowa ta bayan katangarmu suna buga ƙafa su gudu. Na roƙi mai gidana mu kai shi asibiti a Sakkwato, don na ji ana duba irin wannan damuwar. Ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne, kuma ba za a ga ƙafarsa a layin masu taɓin hankali ba. Ita da ta faɗi an ce aljani, shi da ya yi shiru an ce miskilanci, kowanne an samo masa suna an huta. Na gaji da magana. Mutum ya yi ta faɗar abu ɗaya har ya fara jin kansa kamar rediyon da aka manta a kunne.

A gida gaisuwarsa ta koma durƙuso da ɗaga kai. In na tambaye shi abu sai ya yi wani ɗan gunaguni a maƙoshi, ko ya nuna. Yini yake a ɗaki, fuska ga bango. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ranar da na ga ya zauna a rana tsaka, kaza ta hau kwanonsa tana ci, yana kallonta bai ko ɗaga hannu ba.

Ƙarshe ubansa ya yanke cewa a kai shi wajen baffansa, a wani ƙauye bayan Lambara, ya taya shi kiwon shanu har kansa ya huce. Na ce karatun fa? Ya ce karatun da ba a zuwa? Ina cikin musu sai ga yaron ya fito da kayansa a ƙulle cikin buhu, ya sa takalmi, ya tsaya bakin zaure yana jira. Rabon da in ga ya yi wani abu da hanzari har na manta. Na ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin kwaki.

Damina ta zo ta wuce. Uwa ba ta bin ɗan fari, haka ake cewa, kuma na riga na zubar da abin da na zubar a gaban dangi, sai na daure. Ubansa in ya biya ta can daga Shagari yakan ce mini lafiyarsa lau, har ya yi ƙiba. Na ce yana magana? Ya ce mi za shi ce ma shanu?

Bayan an yi girbi na kasa daurewa. Na ce zan je duba matar baffan da ta haihu, na hau mota na sauka Lambara, mai babur ya ƙarasa da ni. Matar ta karɓe ni da fura, muka yi barka, na ɗauki jariri na yaba. Ita ta gane abin da ya kawo ni ba sai na faɗa ba. Ta ce yaron kirki ne, ba ya ƙiwa, ba ya faɗa da kowa, sai dai tun zuwansa ba ta san kalar muryarsa ba. Ta nuna mini hanya ta ce suna gonakin da aka cire gero, bayan rijiya.

Na bi ta cikin kututturan gero, rana ta ɗaga. An tara kara an jingina a jikin wata bishiya, tarin ya fi ni tsawo, ina jin motsin shanu ta bayansa. Sai na ji wani namiji yana magana a wurin, murya mai kauri, ta babban mutum. Na gyara mayafi na tsaya, na ɗauka wani makiyayin ne, zan yi sallama in tambaye shi ko ya ga yaron.

"Ke dai ba ki da kunya," in ji mutumin. "Jiya wa ac ci harawar mutane? Ni anka yi ma hwaɗa, ke kina tsaye kina tuƙa awa ba ki san komi ba. Dubi cikinki. To wallahi yau in kin ƙara, ni da ke na. Matso in cire maki wanga kaska, sarauniyar kwaɗayi."

Ya yi dariya, a dariyar na gane shi.

Na leƙa ta tsakanin kara. Yana tsaye ya ba ni baya, ya ɗora hannu a tozon wata farar saniya, wuyansa ya yi tsawo, wandonsa ya ɗage. Maganar tana zuba, ba inda ta tsaya, ƙafafunsa biyu a ƙasa. Ya gama da ita ya juya kan wani maraƙi, yana ba shi labarin yadda kare ya kori baffa daga kan babur. Muryar ɗana ta fashe, ya zama namiji, ni da na haife shi ban san ranar ba, har na kusa yi masa sallamar baƙo.

Hawaye suka zubo mini, na toshe baki da gefen mayafi. Na san ina cewa salamu alaikum zai juyo ya durƙusa ya ɗaga mini kai, shi ke nan an rufe. Sai na tattare zanena na tsuguna a bayan karan nan a hankali, ina kaffa-kaffa kada ko ɗaya ya karye. Rana tana dukana, ƙafata ta yi tsami, ban motsa ba. Ya kai inda baffa ya faɗa cikin kwatami, yana ta dariya, maraƙin yana lasar hannunsa.